Yadda Na Je Kwali Ɗauko 'Yata Daga Gidan Jinyar Karnuka

Tun da na dawo daga Abuja ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Wannan ta shigo aron turmi, waccan ta ce wucewa take yi ta leƙo, amma kowa abin da ya kawo ta ɗaya ne: "Habi, wai da gaske ne karnuka har katifa gare su a can?" Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta dushe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, tunda Allah ya sa mun koyi riƙon biro a ajin manya. Wadda ta iya ta karanta, wadda ba ta iya ba 'yarta ta karanta mata.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aiko ni aka yi. Rakiya, 'yata ta uku, ta yi karatun kula da lafiyar dabbobi, mu duk a zatonmu shanu da awaki za ta riƙa dubawa. Da ta samu aiki a Abuja har waina na raba. Sai wata rana wani mutumin layinmu da ke kai albasa can ya dawo da labari, wai ya ga hotonta a waya tana goge wa kare baki da tsumma. Kafin Juma'a ta zagayo magana ta gama unguwa. Baffanta Malam Sule, yayan marigayi maigidana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya kira ni zaure.

Ya ce, "Habi, 'yar gidan nan ce ke yi wa kare bauta? Ni ban san da wace fuska zan zauna a ƙofar masallaci ba. Ki shirya ki je ki taho da ita. Ta dawo gida, ko ɗinki ne ta koya."

Na ce, "To, Yaya."

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma kunyar nake ji. Da niyyar in taho da ita na fita.

Ran Litinin da sassafe na shiga mota a Malumfashi, da ƙullin kuka, da daddawa, da man shanu a cikin roba. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya mai fataucin atamfa, mai jiki, mai fara'a, wadda ta ce hanyar nan ta san ta kamar tsakar gidanta. Ba mu kai Funtuwa ba sai da ta san sunan 'ya'yana duka.

"Ita ta Abujar me take yi?"

Na ce, "Aikin jinya."

Ashe na jawo wa kaina. Hajiya ta yaye zane ta nuna min gwiwarta, ta ce shekara uku tana damunta, in ba ta lambar Rakiya ta duba mata. Daga Zariya har Kaduna gwiwar nan muke. Duk sanda ta ce "lambar fa," sai in miƙa mata gyaɗa. Allah ya yafe min, gyaɗar da na saya wa Rakiya duk a bakin Hajiya ta ƙare.

A Tafa aka tsaya salla da cin abinci. Nan na tarar robar man shanu ta buɗe, zafin mota ya narkar da shi, ya bi zanen da na ware don fita kunya. Na ci doya da ƙwai ina ƙanshin man shanu kamar tuwon biki.

Da muka kusa shiga Abuja sai ga shingen sojoji, motoci sun yi layi suna tafiya a hankali. Daidai lokacin wayata ta ɗauki ƙara. Ni ban san ba a waya a wurin ba. Ina ƙoƙarin ciro ta daga lalita sai motar ta ɗauka gaba ɗaya, "Kashe! Kashe!" Direba ya juyo ido waje, ya ce, "Mama, so kike a sa ni tsallen kwaɗo da furfurata?" Hajiya ta fizge wayar ta danne ta har ta mutu. Muka wuce lafiya, ni kuwa tsoro ya sa na manta da ita sam.

To, dama Rakiya ta ce min, "Inna, in kun kusa zan kira ki in gaya miki inda za ki sauka." Kiran ke nan aka kashe. Tana tsaye a Zuba tana jirana, ni kuwa na ji direba na cewa "Zuba, akwai mai sauka?" na gyara zama, don ni Abuja aka ce min, ba Zuba ba. Sai da mota ta juye mu a tashar Utako, kowa ya kama gabansa, Hajiya ta tafi da gwiwarta, na tsaya da ƙullina ban san gabas ba.

Mutanen can kowa sauri yake kamar an biyo shi. Kuma kowa na jin Hausa, sai dai a karkace. Wata mata ɗauke da kwali ta ce min, "Mama, ka matsa kaɗan," har na waiwaya ina neman namijin da take wa magana. Wani dattijo mai shagon robobi da bokitai ya lura da ni, ya taso.

"Hajiya, baƙuwa ce ko? Daga ina?"

Da na ji Hausar Zazzau a bakinsa sai da na ji ƙwalla. Ya ba ni benci, ya ba ni ruwa, ya karɓi wayar ya kunna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta yi ƙara. Rakiya ce.

"Inna! Kina ina? Na duba mota ta fi ashirin!"

Dattijon ya karɓa ya yi mata kwatance, ya ce, "Kwantar da hankalinki 'yata, tana hannun 'yan gida." A bayan shagonsa na yi la'asar. Ko sunansa ban tambaya ba, abin na damuna har yanzu.

Wurin aikin Rakiya ba cikin birni yake ba, can Kwali ne, tafiya mai ɗan nisa, inda gidajen bene ke ƙarewa a koma gonakin doya. Ɗaki ɗaya take haya a gidan wata Bagwariya, Mama Talatu, mai ginin tukwane. Matan nan ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, wai kai ya fi ƙarfin a yi masa dako. Na ga tsohuwa da itacen da ni ko a ka ba zan iya ba. Mama Talatu ta kawo min sakwara da miyar ganye, ta zauna tana kallona sai da na cinye. Ɗakin Rakiya tsaf, ga sallayarta a ninke, ga butarta. Wannan na fara dubawa, ba zan yi ƙarya ba.

Muna gama ci na ce, "Rakiya, kin san abin da ya kawo ni."

Ta sunkuyar da kai. "Na sani, Inna. Baffa ya kira ni. Ba zan yi miki musu ba, in kin ce in bi ki zan bi ki. Amma ina roƙon abu ɗaya. Akwai wanda ke hannuna, yau kwana huɗu bai sa komai a cikinsa ba. Ki bar ni in ga ƙarshensa, ko ya ci ko ya mutu. Ba zan iya tafiya in bar shi haka ba."

Na ce, "Kare?"

Ta ce, "Kare, Inna."

Na ce Allah ya kai mu goben.

Washegari muka tafi tare. Gida ne a bakin gona, da katanga, da bishiyoyin mangwaro. Na zaci haushi zai tare mu, sai na ji shiru kamar gidan da ake jego. A ƙofa Rakiya ta cire hijabinta ta rataye a wani ɗaki, ta ɗora doguwar riga ta aiki, da hula, da safar hannu, da takalmin roba. Ta ce haka take yi kullum, in za ta yi salla ta tuɓe su ta wanke hannu da sabulu ta yi alwala.

Mai wurin wata likitar dabbobi ce 'yar Filato, doguwa, da tabarau, kowa Dakta yake ce mata. Ta riƙe hannuna da hannu biyu.

"Mama, sannu da zuwa! Kai ne ka haifi Rakiya? Wallahi ka haifi mutum. Shi ne hannun dama na a nan."

Ta zagaya da ni. Karnukan ba su da yawa, kowanne da ɗan ɗakinsa, kuma eh, da katifa, ƙarama mai rufin leda. Wani ciwon daji, wani ƙoda, wani tsufa ya cinye masa ƙafafun baya. Dakta ta ce, "Nan ba wurin warkewa ba ne, Mama. Wanda aka kawo nan, asibiti ya gama nasa. Mu muna rage masa zafi, mu juya shi kada jikinsa ya yi gyambo, mu ba shi abincin da cikinsa zai iya, har lokacinsa ya yi."

Na ga wani mutum da kwat da takalmi mai ƙyalli, irin waɗanda ake buɗe wa ƙofar mota, zaune dirshan a ƙasa, kan wata tsohuwar karya a cinyarsa, yana kuka kamar yaro. Na kau da kai. A raina na ce, mu a gida kare in ya tsufa ko ya yi ciwo, bayan gari yake tafiya, ba wanda ke tambaya. Na kuma tuna mutane nawa na sani da suka yi jinya ba su samu mai juya su ba. Na rasa ko haushi zan ji ko tausayi.

Daga nan aka bar ni a kicin in huta. Ga tukunya a wuta tana ƙamshi, kabewa da dankali da karas da naman kaza, an dafa su luguf. Kun san hannun uwa ba ya zama. Na ɗauki ludayi na ɗanɗana. Salam, ba gishiri! Na ce a raina yaran Abuja ba su iya girki ba. Na kwance ƙullina na ciro daddawa, ina neman gishiri da albasa, sai ga Rakiya ta shigo da gudu.

"Inna, tsaya! Na marasa lafiya ne!"

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Dakta ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce, "Mama kada ka damu, abincin nan ya fi wanda nake ci tsabta." Rakiya ta nuna min takardun da ke manne a bango, kowane kare da tasa. Mai ciwon ƙoda ba a cika masa nama, ba gishiri. Wanda ba ya iya tauna a tace masa romon ƙashi. Albasa kuwa ba ta shiga ko kaɗan, wai guba ce a jikinsu. Ita ke aunawa, ita ke dafawa, ita ke rubuta wanda ya ci da wanda ya bari. Rubutunta ne a bangon nan duka. Na daɗe ina kallonsa.

Sannan ta kai ni wurin wanda ya hana ta barci. Sunansa Duna. Baƙi ne, dogo, siririn baki, irin karnukanmu na gida, ba irin na Turawa masu gashi ba. Ƙari ne a cikinsa, irin na ciwon daji. Yana kwance haƙarƙari duk a waje, ga kwanon silba mai ƙyalli a gabansa da abinci. Rakiya ta durƙusa tana lallashi, "Duna, haba Duna, ko kaɗan." Ta kai masa cokali bakinsa. Ya kalli abincin, miyau na zuba, ya juyar da kai bango.

Dakta ta ce na wani tsohon mai gadi ne, Baba Audu, wanda ya yi shekaru yana gadin gidan wata madam a cikin gari. Madam ɗin ce ta kawo karen saboda Baba. Da farko Baba ke zuwa kullum ya ba shi abinci da kansa, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, yana kwance a Karmo wurin ɗan'uwansa. Tun ranar Duna ya rufe baki. Ta ce sun canza abinci kala-kala, sun ƙara maganin zafi, sun sa masa ruwa. In Juma'a ta yi bai ci ba, za ta gaya wa madam a yi masa allurar da zai yi barci ba tashi, don barin sa da yunwa zalunci ne.

Ni kuwa ba abincin nake kallo ba. Kunnuwansa nake kallo, an yanke bakinsu tun yana ɗan kwikwiyo. Ga kuma wata tsohuwar fata a wuyansa da ɗinkin hannu.

Akwai abin da da yawanku ba ku sani ba, don tun da aka kawo ni gidan malamai ban cika faɗa ba. Mahaifina maharbi ne. Na tashi a gida mai karnuka bakwai, ni ke zuba musu ƙanzo da ruwan tuwo kafin in yi wayo.

Na ce, "Rakiya, wannan karen farauta ne. Baban nan kafin ya yi gadi maharbi ne."

"To, Inna, sai me?"

"Wanda ciwo ya hana ci ba ya zubar da miyau a kan abinci. Wannan so yake, ba a ba shi izini ba ne."

Na yi musu bayani. Karen maharbi ana horar da shi kada ya taɓa nama sai maigidansa ya sallame shi, in ba haka ba zai cinye abin da aka kamo. Balle wanda ya koma gadi, inda ɓarayi ke jefo nama da guba ta katanga. Kowane maharbi da irin alamarsa, kuma ba ya gaya wa kowa. Babana tafi ɗaya yake yi ya yi gyaran murya. Na Baba Audu kuwa sai shi.

Dakta ta dubi Rakiya, Rakiya ta dube ni. Ta ce, "Inna, za ki raka ni Karmo?"

Ran Laraba muka tafi. Mota uku muka hau. Karmo kuwa, in an rufe miki ido an sauke ki, ba za ki ce Abuja ba ce. Lunguna matsattsu, kwata a tsakiya, masu shayi, masu gyaran takalmi, masu turin ruwa, kusan duk mutanenmu ne na arewa da suka zo neman abinci. Muna tambayar Baba Audu mai gadi aka yi ta miƙa mu hannu zuwa hannu har ƙofar wani ɗakin langa-langa.

Yana kwance a tabarma, tsoho mai farin gemu, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Maganarsa sai an kasa kunne. Da ya ga Rakiya ya yi yunƙurin tashi, kalma ɗaya ta fito: "Duna?"

Rakiya ta durƙusa. "Yana nan da rai, Baba. Amma ya ƙi ci."

Hawaye ya bi gefen fuskarsa. Na matsa na gaishe shi irin gaisuwar da na ji ana yi wa babana, na ce, "Sannu da daji, Baba." Ya tsaya yana kallona. Na ce, "Ni 'yar maharbi ce. Mun zo roƙon abin da ba a roƙo. Yaya kake sallamarsa?"

Ya daɗe bai motsa ba. Abu ne da ya riƙe shi kaɗai shekara da shekaru, har matar da yake wa gadi ba ta sani ba. Sannan ya nuna ƙarƙashin wani buhu da hannun hagu. Ɗan'uwansa ya jawo wani tsohon kasko, baƙi, gefe ɗaya a ɓalle. Aka ajiye masa. Da hannun nan guda ya nuna mana. Ya yi kamar ya ɗebo abinci ya kai bakinsa ya tauna. Ya yi kamar ya zuba saura a kasko. Ya ƙwanƙwasa bakin kaskon sau biyu da bayan yatsa. Sannan da ƙyar ya juyar da fuskarsa bango.

Ya ce, "Ba ya ci... ana kallo."

Rakiya ta dafe kai. "Innalillahi. Mu kuwa mu uku muke tsayawa a kansa."

Da za mu tafi ya cire hularsa, wata tsohuwa da ta sha gumi, ya miƙa wa Rakiya. Mun gane, don Duna ya ji warin maigidansa ne, muka haɗa da kaskon muka taho.

Ran Alhamis da hantsi aka gwada. Rakiya ta dama abincin da ruwa-ruwa, kabewa da romon kaza da 'yar shinkafa. Ta kawar da kwanon silba ta ajiye kasko. Duna ya ɗaga kai ya shinshina, kunnuwan nan suka motsa. Ta cire hular aiki ta ɗora ta Baba Audu a kan ɗankwalinta. Ni da Dakta muna bakin ƙofa.

Saura ta ɗebi abincin ta kai bakinta a gabansa. Ta cire safar hannu, ta ɗebo, sai hannun ya tsaya a hanya. Ta juyo ta kalle ni. Na gane abin da ke ranta. Ga uwar da aka aiko ta ɗauke ta saboda an ce tana goge wa kare baki, yanzu kuma za ta ci abincin kare a gabanta.

Na ce, "Ci mana. Ni na riga ki ɗanɗanawa, gishiri ne kawai babu."

Ta yi bisimilla ta ci. Ta tauna a hankali yana kallon bakinta. Ta juye saura a kasko, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta juya masa baya. Mu ma muka juya.

Mata uku, manya, mun ba kare baya muna kallon bishiyar mangwaro. Ba abin da ake ji sai kukan kurciya. Na ƙirga numfashina har na gaji. Dakta ta fara girgiza kai, ta buɗe baki za ta yi magana, na riƙe mata hannu.

Sai muka ji. Laƙ. Shiru. Laƙ, laƙ, laƙ. Kaskon na ɗan gogar siminti.

Ba wadda ta waiwaya. Ta gefen ido ina ganin kafaɗun Rakiya suna rawa, tana kuka ba sauti, ga hular tsoho a kanta ta karkace. Ban san sanda na fara hamdala a fili ba. Ni dai tun da na haifi yarinyar nan, har ranar da ta karɓo takardar makaranta, ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina a lokacin ba.

Da la'asar ya sake ci. Dakta ta ce kada mu ruɗi kanmu, ƙarin yana nan, ba zai tashi ba. Amma zai tafi da abinci a cikinsa, ba da yunwa ba, kuma ba za a yi allurar ba. Ta sa Rakiya ta ƙara layi a takardar da ake cikewa in an kawo sabon kare: wa ke ba shi abinci a gida, a wane kwano, kuma yaya ake yi. Ta ce, "Mama, shekara nawa ina karatu, ba wanda ya koya mini wannan."

Da muka koma ɗaki na tarar Rakiya ta jawo akwatinta tana ninke kaya.

Na ce, "Me kike yi?"

"Alkawari na yi miki, Inna. Ya ci."

Na ce, "In kin tafi wa zai ɗanɗana masa gobe? Mayar da kayan nan. Ki dai riƙe sallarki, ki riƙa kira."

Ran Asabar ta raka ni Zuba, wannan karon na san ta. Mama Talatu ta ba ni tukunyar ruwa, na rungume ta a cinya har Malumfashi, ba ta fashe ba. Daga baya Rakiya ta gaya min Duna ya ƙara sati uku. Madam ta sa an ɗauko Baba Audu a mota an kawo shi, aka kwantar da shi a tabarma kusa da katifar, suka yini tare. Kwana biyu bayan haka karen ya tafi, da safe, bayan ya ci.

Amma wannan duk daga baya ne. Ranar da na sauka, ko mayafi ban cire ba aka ce Malam Sule na kira. Na same shi a zaure da carbi. Ya leƙa bayana.

"Ina yarinyar?"

Na durƙusa na ce, "Tana wurin aikinta, Yaya."

"Ta ƙi biyo ki ke nan?"

"A'a. Har ta haɗa kaya. Ni na ce ta zauna."

Carbin ya tsaya. Shekara talatin da wani abu ina gidan nan, bai taɓa cewa in yi abu na ce a'a ba. Ban ɗaga murya ba, ban kuma ɗaga ido ba. Na ba shi labari tun daga rigar aiki da sallaya, har tukunyar da ba gishiri, har tsohon da ke kwance a Karmo, har kasko da hula. Na ce, "Yaya, na je da kunya, ban dawo da ita ba. Abin da na gani jinya ce, kuma 'yarku ta iya ta. In akwai laifi a bar shi a kaina, don jinin gidanmu ne, ni 'yar maharbi ce, kun sani kuka auro ni."

Na zaci ya gama da ni. Ya ja carbi ɗaya, biyu. Na yunƙura zan tashi, na kai bakin ƙofa, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Habi."

"Na'am, Yaya."

"Shi karen... ya cinye duka?"

Na ce, "Ya rage kaɗan."

Ya gyaɗa kai. "To. Mara lafiya ai ba a matsa masa."